Shin Ko Kun San? Ƙarfe Nawa a Gwandu, Ƙarfe Nawa a Kalgo?

Ku ɗauko wayarku yanzu. Ku dubi agogonta. Ku leƙa ta wanda ke zaune kusa da ku. Daidai suke, ko? To, wa ya saita su? Kun tuna ranar da kuka yi da hannunku? Babu! Wasu na'urori ne can nesa ke yi muku wannan hidima, dare da rana, ko sannu ba ku taɓa ce musu ba.

Mu fara daga gida. Shin ko kun san rana tana tsayuwa tsaka a Gwandu kusan minti 2 kafin ta tsaya a Kalgo? Gwandu ta fi kusa da gabas. Tsakaninsu wajen kilomita 50 ne a miƙe, duniya kuwa tana juya digiri ɗaya duk minti 4. Ladanin da ke duban inuwa a Gwandu zai riga na Kalgo ganin zawali. Amma wayoyinsu? Baki ɗaya suke magana!

Ga wanda ya fi wannan. Layin da aka auna wa Najeriya lokacinta da shi, wato digiri 15 gabas, bai ma taɓa ƙasar Najeriya ba. Ta Chadi ya ratsa, dab da Njamena. Shi ya sa in agogo ya buga 12 na rana a Gwandu, rana ba ta iso tsaka ba, saura mata wajen minti 40 a matsakaici. Shi ya sa kuma a watan azumi ɗan Maiduguri ke kai dabino baki fiye da rabin awa kafin ɗan Kalgo, alhali agogon hannunsu ɗaya ne. Tun ranar 1 ga Satumba 1919 ake kan wannan tsari. Kafin nan, rabin awa kacal Legas ke gaban Landan. Rabin awa fa!

A zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke nan Gwandu, babu wanda wannan ya dama. Kowane gari da lokacinsa. A dubi inuwa, a auna ta da taku, a kira salla. Wasiƙa za ta bar Gwandu zuwa Sakkwato a kan doki, minti 2 ba su rage ta da komai ba. Yau saƙo yana barin Kalgo ya isa Legas kafin ku ƙifta ido. A nan ne magana ta canza.

Kun san mene ne agogon cikin kwamfuta? Ɗan ƙanƙanen dutse! Wani ma'adini ne mai kama da gilashi, ana ce masa kwatz, an yanka shi kamar cokali mai yatsu biyu. In an ba shi wuta sai ya kama kakkarwa: sau 32,768 a sakan ɗaya. Na'ura ta ƙirga, in ya cika ta ce sakan ya yi. Me ya sa wannan lambar? Ku yi ta raba ta biyu. Sau 15 za ku raba, ku iso kan 1 cif.

Sai dai dutsen nan yana jin zafi kamar ni da ku. An yanka shi ne don ya fi jin daɗi a wajen digiri 25. Zafi ya yi yawa, sai ya rage sauri. Sanyi ya yi yawa, haka nan. A tsakiyar bazarar Kebbi, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗan dutsen da aka bari cikin rana na iya yin latti da kusan sakan ɗaya a yini. Ko babu zafi ma, kuskuren sakan 2 a yini ba abin mamaki ba ne ga agogon kwamfuta. A wata ɗaya minti guda ke nan. Ku jera kwamfuta 100 a ɗaki ɗaya, ku saita su tare, ku raba su da intanet. Bayan wata, kowace da nata ƙarfen!

Za ku ce, to sai me? Minti ɗaya ne fa.

Ku tambayi mai POS. Kati ɗaya aka zura a Kalgo, amma kwamfutoci nawa ne suka sa hannu? Ta bankin mai kati, ta bankin mai shago, da na masu haɗa bankuna irin su NIBSS a Legas. Kowace tana rubuta abin da ta gani da lokacin da ta gan shi. Ranar da aka ce an cire kuɗi amma ba su shiga ba, waɗannan rubuce-rubucen ake jerawa a bi diddigi. In agogonsu ya saɓa, sai ka ga takarda ta nuna kuɗi sun isa kafin a tura su. Wa zai warware wannan shari'a?

Kun san lambobin nan 6 da manhajar tsaro irin Google Authenticator ke nunawa, waɗanda ke canzawa duk sakan 30? Ku riƙe wannan: ba aiko muku su ake yi ba. Ko babu sabis suna fitowa! Wayarku da kwamfutar can suna da sirri ɗaya da suka ɓoye. Kowace ta haɗa sirrin da lokacin agogonta, ta fitar da lamba. In agogonsu ɗaya, lamba ɗaya. In agogon wayarku ya zame da 'yan mintuna, ƙofa ta rufe, ko da kun san kalmar sirrinku kamar sunanku.

WhatsApp ma haka. Ku karkatar da kwanan watan waya sosai, sai ya ƙi buɗewa, ya ce a gyara tukuna. Shafukan intanet su ma su ja baya, don takardar shaidar tsaronsu tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, wayar da ta ɓata lissafi kuwa ba ta san ko wa'adin ya wuce ba.

Yanzu ku ɗaga kai ku dubi dogon ƙarfen sabis da ke bakin hanya. Abin da ke faruwa a can ya fi ƙarfin tunani. A tsarin GSM, wanda ya shigo Najeriya a 2001, mutum 8 na iya yin magana a kan zango ɗaya ta hanyar karɓa-karɓa. Kowa ana ba shi maikirosakan 577. Maikirosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan! Wayarka ta yi magana, ta yi shiru, bakwai su yi nasu, ta sake. Fiye da sau 200 a sakan ɗaya. Kai kuwa kana ta hira da gwaggo, ba ka ji an yanke ko harafi ba.

Akwai saura. Wayar manomin da ke can cikin fadama ta fi nisa da ƙarfen fiye da ta mai shayin da ke gindinsa. Saƙonta zai makara, ya faɗa cikin rabon wani. To, sai ƙarfen ya ce mata: ke, ki riƙa farawa da wuri! Duk ƙarin nisan mita 550, ƙarin sammako. Matakan 63 ne, shi ya sa iyakar GSM ta asali ta tsaya a kilomita 35. Na 5G kuwa sun fi tsanani: ƙarfe da ƙarfe, kuskuren da aka yarda da shi wajen maikirosakan ɗaya da rabi ne.

To daga ina kowa ke samo lokacin gaskiya?

Almajiran ilmi, ku matso, wannan naku ne. Isnadi ne! Kwamfutarku ta ji daga wata, waccan ta ji daga wata, waccan kuma ta ji daga agogon asali. Sunan tsarin NTP. Agogon asali shi ne mataki na 0. Wadda ta ji daga bakinsa kai tsaye, mataki na 1. Wadda ta ji daga ta 1, mataki na 2. Haka har 15. In aka ce 16, ma'ana wannan ba a karɓar ruwayarta. Kuma kamar yadda malamai ke son isnadi mai gajeren zango, haka na'urorin nan. Ni wannan kamancen yana burge ni ƙwarai.

Har da tantance maruwaita! Kwamfuta mai hankali ba ta tambayar mutum ɗaya. Tana tambayar uku, huɗu, ko fiye. Waɗanda bakinsu ya zo ɗaya ta riƙe su. Wadda ta kauce ta yi nisa, ta ajiye ta gefe. Ku tuna yadda kwamitin ganin wata na Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke tattara shaidu daga garuruwa, a tantance, sannan a yi sanarwa. To, kwamfuta tana yin irin wannan zama sau da yawa kowace rana.

Amma ga wata matsala mai daɗin tunani. A ce ka aiki yaro daga Kalgo ya je Gwandu ya tambayo ƙarfe nawa. Ya dawo ya ce ƙarfe 2. Ƙarfe 2 na yaushe? Ai ya daɗe a hanya! Dabarar ita ce: ka rubuta lokacin da ya tashi, a can su rubuta lokacin da ya iso da lokacin da ya juyo, kai kuma ka rubuta lokacin da ya dawo. Lambobi 4. Ka cire zaman da ya yi a can, ka raba sauran biyu, ka san tsawon dawowa. Haka NTP ke yi, sak. Rauninsa ɗaya ne: yana ɗauka zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya. In yaron ya tsaya cin tsire a Birnin Kebbi a hanyar dawowa kaɗai, lissafi ya karkace. Duk da haka, a kan intanet, kuskuren yakan tsaya a 'yan gomomin milisakan, wato kashi cikin dubu na sakan.

In kuma ta gano agogonta ya ɗan yi gaba? Ba ta fizgo shi baya. Sai ta rage masa sauri kaɗan-kaɗan har lokacin gaskiya ya cim masa. Don in agogo ya koma baya farat ɗaya, manhaja za ta ga sakan ɗaya ya zo sau biyu, ta rikice. Sannu ba ta hana zuwa!

Wa ya ƙirƙiro wannan? Wani malamin jami'a Ba'amurke, David Mills, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware. A 1985 ya fitar da bayanin tsarin, kuma har gobe da shi duniya ke aiki. Da tsohuwar zuma ake magani! Da ciwon ido aka haife shi, daga baya ya makance, amma bai saki aikin ba. Ya rasu a Janairun 2024. Mutumin da ya daidaita agogon biliyoyin na'urori, ƙarshen rayuwarsa ba ya ganin fuskar agogo. Allahu Akbar.

Tambayar lokaci ma tana iya zama bala'i. A 2003, wasu na'urorin raba intanet na kamfanin Netgear, sama da 700,000, an ɗinke musu adireshin kwamfuta ɗaya ta Jami'ar Wisconsin. In ba su sami amsa ba, sai su sake tambaya duk sakan. Ku yi tunanin dubun dubatar mutane a ƙofar gidanku, kowa na cewa ƙarfe nawa, ƙarfe nawa, ba hutu!

Shi kuma agogon asalin? Ƙwayar zarra ce. Tun 1967, ma'anar sakan ɗaya a duniya ita ce kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken da ke tattare da zarrar sinadarin siziyam. Ku karanta lambar a fili. Biliyan tara da ɗoriya! Louis Essen da Jack Parry ne suka gina ingantaccen agogon farko irin wannan a Ingila, a 1955.

Amma tirƙashi: lokacin duniya, wanda ake kira UTC, ba agogo ɗaya ba ne da za ka je ka gani a bango. Lissafi ne! Agogunan zarra fiye da 400, a ɗakunan bincike wajen 80, suna aika rahotonsu wani ofishi a gefen birnin Paris. A can a haɗa, a auna, a fitar da takarda wata-wata, a gaya wa kowa: kai ka yi gaba da kaza, kai ka yi baya da kaza. Wato sai bayan makonni ake sanin ainihin ƙarfe nawa ne ɗazu. Lokacin Najeriya da na Nijar shi ne wannan lissafin, a ƙara awa ɗaya.

GPS fa? Kuna ce masa taswira. Agogo ne! Taurarin ɗan'adam wajen 30 ne ke shawagi a nisan kilomita 20,200, kowanne ɗauke da agogon zarra, kowanne yana shelar lokacinsa da inda yake. Wayarku ta saurari huɗu, ta auna wanda ya riga wani isowa, ta ce kana bakin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a hanyar Kalgo zuwa Bunza. Saƙonsu da gudun haske yake tafiya, haske kuwa na cin mita 300 a maikirosakan ɗaya. Kuskuren maikirosakan ɗaya tak, an ajiye ka a wata unguwa.

Kuma agogunan can sama sun fi na ƙasa sauri da maikirosakan 38 a yini. Ba lalacewa ba ce. Lokacin kansa ne ya fi gudu a can, kamar yadda lissafin Albert Einstein ya nuna. Da ba a gyara ba, taswira za ta riƙa kaucewa da wajen kilomita 10 kullum. Kwana biyar, Kalgo ta koma Gwandu! A 2010 masu bincike a Amurka sun ɗaga agogo ɗaya sama da ɗan'uwansa da santimita 33 kacal, suka ga na saman ya fi sauri. Ashe kanku ya ɗan girmi ƙafarku. Ikon Allah!

A 26 ga Janairu 2016, wajen sallamar wani tsohon tauraro daga aiki, kuskuren maikirosakan 13 ya shiga saƙon GPS. Ƙararrawar gargaɗi ta kaɗa a kamfanonin sadarwa, rediyon dijital na BBC ya sami tangarɗa a Birtaniya. Goma sha uku cikin miliyan!

Kun taɓa ganin minti mai sakan 61? Kun rayu a cikinsa! Duniya ba ta juyawa daidai wa daida, don haka lokaci-lokaci akan ƙara sakan ɗaya don agogo ya jira ta. Sau 27 aka yi tun 1972. Na ƙarshe, a agogon Najeriya, ya zo ne daren 1 ga Janairu 2017: ƙarfe 12 da minti 59 da sakan 60. Mutanen Gwandu na barci. Kwamfutoci kuwa ba sa son baƙon nan ko kaɗan. Na 2012 ya durƙusar da shafin Reddit, ya jawo wa jiragen Qantas jinkiri a Ostareliya. Google kuwa ya ɓullo da dabara: ya niƙa sakan ɗin, ya barbaɗa shi cikin awanni da dama, babu wanda ya ji shigarsa. A Nuwamban 2022 ƙasashe suka amince a daina ƙara shi nan da 2035.

Wani kuskuren kuwa rayuka ya ci. Ranar 25 ga Fabrairu 1991, a Dahran ta Saudiyya, wata na'urar kakkaɓo makamai mai suna Patriot ta yi wajen awa 100 a kunne. Agogonta ya zame da kashi ɗaya cikin uku na sakan. A wannan ɗan taƙi makamin Scud na cin fiye da rabin kilomita. Ta duba inda ba ya nan. Sojoji 28 suka mutu.

A 2011 kuma, masana a Turai suka ce sun ga wasu ƙananan ƙwayoyi sun riga haske gudu, a tseren kilomita 730 daga Jeniba zuwa Italiya. Da nanosakan 60 suka riga shi, wato kashi 60 cikin biliyan na sakan. Duniya ta ɗauka! Ashe wata igiyar haske ce mai kawo lokacin GPS ba a ɗaure ta da kyau ba.

Sai ga wani masani, Leslie Lamport, a 1978, ya ce: ku dakata, dole ne mu san ƙarfe nawa? Sau da yawa abin da muke buƙata shi ne wa ya riga wa. Kowace kwamfuta ta riƙe ƙidaya. In za ta aika saƙo ta manna lambarta. Mai karɓa ta ɗauki wadda ta fi girma tsakanin tata da ta baƙon, ta ƙara ɗaya. Shi ke nan! Amsa ba za ta taɓa riga tambaya ba. Kamar dattijon da bai riƙe shekarar haihuwarsa ba, amma ya san sarai wa ya girme shi a unguwa. Lamport ya karɓi kyautar Turing ta 2013.

Google kuma ya bi wata hanyar da nake ganin ta fi kowace ladabi. A rumbunsa na bayanai mai suna Spanner, wanda ya bayyana a 2012, agogo ba ya cewa yanzu ƙarfe kaza ne. Cewa yake, yanzu tsakanin kaza da kaza ne. Tazarar 'yan milisakan ce. Kafin a tabbatar da wani rubutu, sai kwamfuta ta tsaya cak, ta jira shakkar ta wuce. Na'ura mai jiran yaƙini!

Wutar lantarki ma agogo ce, kun sani? Wutar da ke tasowa daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, har layin da ya wuce Yamai, tana kai da komo ne sau 50 a sakan, kuma dole duk injinan da ke kan layi su taka rawa da kiɗa ɗaya. A Turai akwai agogunan gida da ke ƙirga wannan bugun. A farkon 2018, saɓani tsakanin Sabiya da Kosobo ya sa bugun ya ɗan ragu. Agogunan murhu da na rediyo a ƙasashe 25 suka yi latti da kusan minti 6!

Iyayenmu kuwa suna da nasu NTP ɗin. Rediyo! Ɗan ƙaran nan na BBC mai fita sau 6 kafin labarai, na ƙarshen ya fi tsawo, tun 1924 ake buga shi, Sashen Hausa kuma ya fara a 1957. Dattijo ya kara kunne, yatsa a kan maɓallin agogo. Amma a kula: in ta intanet kuke saurare, ƙaran yana isowa a makare da sakanni. Tsohuwar rediyon gajeren zango ta fi wayarku ta zamani gaskiya a nan!

Akwai ma wadda ta yi tallan lokaci. Ruth Belville, a Landan. Takan je ɗakin binciken taurari na Greenwich ta saita agogon aljihunta, ta zaga shagunan masu biyanta, kowa ya duba ya saita nasa. Tun 1836 gidansu ke wannan sana'a, ita kuma ba ta ajiye ba sai 1940, tana da shekara sama da 80.

Na ƙarshe, ku rubuta shi a bango. Ɗimbin kwamfutoci ba su san shekara ko wata ba. Sakan kawai suke ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1970. Tsofaffin cikinsu kuwa ma'ajinsu ba ya ɗaukar fiye da 2,147,483,647. Yaushe zai cika? Talata, 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4 da minti 14 da sakan 7 na dare a agogon Najeriya, kafin ladanin Gwandu ya yi kiran farko. Injiniyoyi sun daɗe suna faɗaɗa ma'ajin. Amma duk na'urar da aka manta da ita a wani lungu, sakan ɗaya bayan nan za ta farka ta ce yau 13 ga Disamba 1901. Turawa ma ba su ci Sakkwato ba tukuna!